Ƙafa Tara, Babu Gaɓa

Raihana, wannan babin naki ne, ko da yake yanzu in aka miƙa miki rubutun Hausa kallonsa kike yi kamar akuyar da aka nuna wa agogo. Ki ajiye shi har ranar da za ki iya karantawa. Na san mutane sai sun yi furfura suke rubuta tarihinsu, amma ni a shekara goma sha bakwai na ga abin da ya ishe ni, kuma in na tsaya jiran furfura za ki girma kina gaba da lif ɗin gidanmu na unguwar Malaz a nan Riyad, wanda bai taɓa yi miki laifin komai ba. Jiya ma ina kallonki kika harbe shi da ƙafa kina zaginsa da Larabci. Abba ya ce miki ƙofar lif ce ta datse sandar fatsarmu. Ba ita ba ce. Sandar nan tun da take ba ta taɓa shiga lif ba, don ba ya cin ta. Ni na yanka ta, da zarton mai gadin gida, ranar wata Talata da hantsi.

Kafin ki fahimci girman abin da na yi, sai kin fahimci dokar Umma. A saman kabad ɗin ɗakinsu akwai baƙin akwati, tsawonsa ƙafa biyu da rabi, kuma shi ne alƙalin gidanmu. Duk abin da za a saya sai Umma ta zaro tef ɗin ɗinkinta daga jaka ta auna shi. In ya fi akwatin, an fasa. Saboda akwatin nan ba mu taɓa mallakar agogon bango ba, ba mu taɓa sayen babbar tukunya ba, keken da na yi shekara uku ina kuka a kansa har yau yana kanti yana jiran wani yaron da uwarsa ba ta yawo da tef. Shekarar da na fara tsawo na kama ta tana kallona daga sama zuwa ƙasa, na tabbata lissafi take ko za a naɗe ni gida biyu.

"A ƙasar da kake zaune da takardar iƙama ta baƙi," in ji ta, "abin da bai shiga akwati ba aro ne."

Ni kuwa maganar nan haushi take ba ni. A nan aka haife ni. Na san wane lungu na Malaz ake sayar da shawarma mai arha, ina faɗa da Larabci fiye da yadda nake gaisuwa da Hausa, Nijeriya kuma sau uku na taɓa zuwa, sau ukun duk zazzaɓi ya yi mini sannu da zuwa. Abba yana kirana ɗan Riyad don tsokana, ni kuma ina amsawa da gaske.

Abba aikinsa gyaran na'urorin asibiti, amma asalinsa ɗan masunta ne daga Yawuri. Allah ya ɗauko mutumin da ya koyi iyo kafin ya koyi tafiya, ya dasa shi a garin da ruwa mafi girma da yake gani shi ne na tankin saman bene. Shekara goma sha tara bai yi ƙorafi ba. Sai bara wani likita Bature da suke aiki tare ya gama kwantiraginsa, da zai tafi ya bar wa Abba wani ɗan akwatin katako. A ciki akwai kwarkwaron naɗe igiyar fatsa, da ƙugiyoyi ƙanana da aka ɗaura wa gashin tsuntsu har suka koma kamar ƙudaje da fara. Irin wannan fatsar ba a sa mata tana. Igiyar ake wulwulawa a sama, a sauke ƙudan bogin a kan ruwa a hankali, kifi ya zata Allah ne ya aiko masa. Likitan ya tafi da sandarsa, don tasa tana rabuwa gida huɗu. Da ina da hankali, da tun daga nan na ɗauki darasi.

Sandar da aka gama haɗawa kuɗinta ya isa a yi wa mutum biyu aure, don haka Abba ya ce mu haɗa tamu. Ana sayen tsurar sandar ne, ba zobe ba mariƙi, sai mutum ya ɗaura mata komai da hannunsa. Ni aka naɗa ministan bincike saboda na fi kowa saurin danna waya. Mun yi mako biyu muna auna abu biyu. Akwai ta faiba mai gaɓa biyu, mai arha, amma nauyinta kamar muciyar gidan biki. Akwai ta kabon mai gaɓa huɗu, marar nauyi, wadda sai an yi odarta daga waje, riyal ɗari bakwai har da kuɗin kawowa. Abba ya zaɓi mai gaɓa huɗun. Ya ce zai daina shan shayin kanti wata biyu, sannan mu aika.

Wata biyu a wurina daidai yake da shekara arba'in. Sai na shiga yawon kasuwar unguwar Batha bayan makaranta, har na faɗa wani kantin kayan kamun kifi a bayan masu canjin kuɗi, na wani tsoho Basudane da ake kira Ammu Tijjani. A can saman bangonsa na hango ta, baƙa, siririya, ƙura ta lulluɓe ta. Ranar Asabar na jawo Abba kamar mai kai mutum ganin amarya.

Ammu Tijjani ya hau kujera ya sauko da ita yana tari.

"Kabon ce ta ainihi," ya ce. "Ƙafa tara, guda ɗaya tal. Wani ne ya yi odarta ya biya rabi, kafin ta iso aka buga masa bizar fita daga ƙasar. Shekara uku tana cin mini bango. Ku kawo ɗari uku ku raba ni da ita."

Abba ya goge ƙurar da gefen rigarsa. Ya kafa bakin sandar a ƙasa, ya danna, ta lanƙwashe tun daga wuya har gindi kamar reshen da iska ta taɓa, ya saki ta miƙe ba ko rawa. Na kalli fuskarsa. Ban taɓa ganin ya kalli wani abu na sayarwa haka ba. Amma sai ya miƙa wa tsohon abinsa.

"Ba ta da gaɓa," ya ce.

"Abba, ai gaɓa ita ce raunin sanda. Na karanta. Duk inda aka haɗa, nan take karyewa. Ga arha, ga kyau, ga ta a hannu."

"In tafiya ta zo fa?"

"Wace tafiya? Ni a nan aka haife ni. Umma ce kawai take zaune kamar mai jiran mota a tasha. Sai yaushe za mu sayi abu saboda yana da kyau, ba saboda ya shiga akwati ba?"

Da ƙarfi na faɗa, har Ammu Tijjani ya juya yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Na zata Abba zai tsawata mini. Sai ya tsaya yana kallona, irin kallon da na ɗauka na yarda ne, yanzu kuwa na san na tausayi ne. Sannan ya ciro walat ɗinsa.

Kawo ta gida kansa yaƙi ne. Mun zuro ta ta tagar mota da jan ƙyalle a baki, duk direban da ya wuce sai ya yi mana hon ya ƙara da addu'ar da ba ta alheri ba. A gida lif ya ƙi ta, muka bi matakala hawa huɗu, Abba a gaba ni a baya muna ba juna umarni kamar masu fito da gawa daga lungu. A hawa na uku na fasa ƙwan fitilar maƙwabcinmu Bamisre, har yau yana zargin 'ya'yansa. Umma ta buɗe ƙofa, ta ga kan sanda ya shigo, ta jira, ta ci gaba da jira, sannan ta ga ni. Ta ɗauko tef.

"Ƙafa tara," ta ce. "Abban Anas, akwatina ƙafa biyu da rabi ne."

"Arha muka samu, Hajiya."

"Me ya sa ta yi arha?"

Ni da bakina da ba ya zama a rufe na ce, "Mai ita ne aka buga wa fita ya bar ta."

"To," in ji Umma, ta naɗe tef ɗinta. Wannan "to" ɗin ya fi wata huɗubar tsawo.

Wata huɗu muka yi muna haɗa ta a falo. Abba ya koya mini yadda ake mirgina ta a tafin hannu har a ji inda take tirjewa, ya ce nan ne ƙashin bayanta, a kan layinsa ake jera zobba. Zobba goma ne, kowanne da zare ake naɗe ƙafarsa, zagaye na bin zagaye ba tare da wani ya hau wani ba. Na farko sau tara na naɗa, sau tara Abba ya warware. Zaren ma na Umma ne, kore, wanda ta ce ba za ta bayar ba, washegari muka same shi a kan tebur. In an gama naɗi sai a shafa gam, a zauna ana juya sandar a hankali har ya bushe don kada ya taru a gefe ɗaya, mutum ya yi awa biyu kamar mai gasa ragon da ba za a ci ba. Ke ma kin ba da gudummawa, kin jingina kanki a kan gam ɗin, sai da aka yanke miki kitso ɗaya. Arhar da na yi ta taƙama da ita kuwa, zobba da mariƙi da gam da igiya suka cinye ta tas. Amma ranar da Abba ya kafa ƙusa biyu a bangon falo ya ɗora ta, na ji kamar mun gina bene. Ita ce abu na farko a gidan nan da aka yi don a zauna.

Juma'a takwas muka je da ita tafkin Wadi Hanifa bayan la'asar. Jifata ta farko na kama hular wani Bafakistane da ke shan shayi da iyalinsa, ta biyu na kama kunnena. Abba kuwa kafin rana ta faɗi igiyar ta fara yi masa biyayya, tana tafiya baya ta dawo gaba ta kwanta a kan ruwa ba ƙara. Karfasar farko da ya kama ba ta fi tafin hannuna ba. Ya cire mata ƙugiya, ya yi mata magana da Hausar Yawuri wadda ban taɓa jin ta a bakinsa ba, ya mayar da ita, don kifin ruwan nan ba a cin sa.

"Wato," in ji Umma da muka dawo hannu rabbana, "kun kashe kuɗin buhun shinkafa don ku je ku gaisa da kifi."

Abba ya yi dariya har da riƙe ciki. A Juma'o'in nan takwas ya yi dariyar da ta fi ta shekara goma.

Sannan asibitinsu ya sauya kwantiragi. Za su ci gaba da riƙe shi, amma sun janye hannu daga kuɗin iƙamar iyali da na haya. Ni kuma ina dab da cika sha takwas, makarantar gaba a nan ba ta aljihunmu ba ce. Bayan abincin rana Abba ya tara mu ya ce mu uku za mu koma gida, shi zai kama ɗaki a Batha cikin 'yan'uwa maza ya ci gaba da aiki. Umma ta tashi, ta hau kujera, ta sauko da baƙin akwatin. Ko mamaki ba ta yi ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai: shekara goma sha bakwai ina yi mata dariya, ashe ita ce mai gaskiya, garin da nake kira namu kuwa bai ma san na taɓa zama a cikinsa ba.

Na je wurin masu kargo a Batha na tambayi kuɗin aika abu mai ƙafa tara. Mutumin ya tambaye ni ko itacen dabino zan kai, sannan ya faɗi kuɗin da ya fi na sandar da duk abin da ke jikinta, ya ƙara da cewa in ta isa a karye gida biyu ba ruwansa. Na dawo na gaya wa Abba.

"Bar ta," ya ce. "Za ta zauna."

"Ta zauna wa wa? Zobba bakwai cikin goma ni na naɗa."

"Anas, na ce za ta zauna."

Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Abba ba mai dogon bayani ba ne, ni kuma ba mai dogon tunani ba. A kaina na gama yanke hukunci cewa ɗakunan Batha kamar akwatin ashana suke, don haka sandar za ta ƙare a hannun mai gadi yana kakkaɓe yana da ita, ko ta koma bangon Ammu Tijjani ta jira wani wawan. An ƙwace mini makaranta, da abokai, da titin da na sani. Na rantse wannan ɗaya ba za a ƙwace ba.

Ranar Talata Abba yana wurin aiki, ke da Umma kun tafi kasuwar Utaiƙa sayen dabinon tsaraba. Na kalli wani bidiyo na minti shida inda wani mutum ya haɗa karyayyar sanda, na ji na zama injiniya. Na aro zarto wurin mai gadi na ce ƙafar gado zan rage. Na ɗauko tef ɗin Umma, na raba tara gida huɗu, na yi alama da farin alli. Lissafina bai yi kuskure ba ko na ƙwayar gero, wannan kam a rubuta mini. Da haƙorin zarton ya shiga, sandar ta yi wata ƙara siririya, bakin yankan ya tarwatse zare-zare kamar raken da aka tauna, baƙar ƙura ta zubo a kan kafet. A nan mai hankali zai tsaya. Ni na ce tunda an fara, na yi na biyu, na yi na uku. Na jera guda huɗun a cikin akwatin Umma suka kwanta daram, har da sauran wuri. Na yi kusan minti ɗaya ina jin daɗi.

Abba ya riga ku dawowa. Ya yi sallama, idonsa ya tafi bango kamar kullum, ya tsaya a nan. Na nuna masa akwatin tun kafin ya tambaya, ina zuba bayani kamar mai tallan magani. Ya tsuguna ya ɗauki guda ɗaya, ya danna bakin yankan da babban yatsa. Tsagar ta gudu har ƙarƙashin koren zaren da na naɗa sau tara.

"Za a iya haɗawa, Abba. Na gani a waya."

"Ba za a iya ba."

Na tsaya ina jiran mari, har na zaɓa masa kuncin da zan bayar. Bai zo ba. Ya jera guntayen yadda na jera su, ya ce, "Ka auna daidai." Sai ga ku kun shigo da kwalin dabino, kika ga abin da ke cikin akwati kika fashe da kuka kina tambayar wa ya yi. Abba ya ɗauke ki ya ce ƙofar lif ce. Umma ta kalli baƙar ƙurar da ke kan kafet, ta kalli tef ɗinta a hannuna, ta wuce kicin. Na so a ce ta yi mini ko da "to" ɗin nan nata.

Ranar Asabar na raka Abba kai kayansa Batha. Gidan hawa biyu ne, an yayyanka shi ɗaki-ɗaki da katako, duk 'yan gida ne, direbobi da ma'aikatan jinya. Mai kula da hayar wani direba ne ɗan Gusau, Malam Sani, mutumin da bakinsa ya fi nawa gudu. Ya karɓi katifar daga kaina yana yi mini kallon sani.

"Kai ne ɗan Riyad ɗin? Babanka ya wahalar da ni, yaro. Ɗaki uku na nuna masa. Akwai mai taga, akwai mai sabuwar na'urar sanyi, kuɗinsu ma bai kai na wannan ba. Mutum ya zo da tef yana auna bango kamar mai sayen fili. Ya tsallake su duka ya ɗauki wannan zungureren da ko taga babu. Na ce Injiniya, jirgin ruwa za ka ajiye? Ya ce a'a, sanda ce, shi da ɗansa suka haɗa, in kun tafi ita za ta riƙa fitar da shi ranar Juma'a."

Ya tura ƙofar. Ɗakin kamar lungu yake, mutum biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya ba da gefe. Amma bangon hagu dogo ne. A jikinsa, daidai tsayin kafaɗar Abba, an riga an kafa ƙusa biyu, an naɗe kowacce da tsumma don kada ta goge fenti. Tun yaushe ya kafa su ban sani ba. Na dai san kafin Talata ne.

"To ina sandar?" in ji Malam Sani, yana leƙa bayanmu. "Ko tana mota?"

Abba ya ajiye jakarsa a kan katifa.

"Ta shiga akwati," ya ce.

Malam Sani ya yi dariya don ya zata wasa ne, ya fita kawo mana shayi. Na tsaya ina kallon ƙusoshin nan biyu. Abba ya cire farar rigar aikinsa daga jaka ya rataye ta a ƙusa ɗaya. Ya tsaya yana neman abin da zai rataya a ta biyun, bai samu ba, ya ce in miƙo masa zanen gado.

Jibi jirginmu zai tashi. Guntayen huɗu suna ƙasan akwati, ƙarƙashin dabino, Umma ta naɗe su da tsohon ɗankwalinta ba tare da na roƙe ta ba. Za su isa Yawuri lafiya, garin da kogi ke bin gefensa, kuma ba za su kama ko ɗan ƙaramin kifi ba. Abba zai zauna a nan da wata shida na haya da ya riga ya biya, a ɗakin da ba taga.

Don haka gobe in za mu sauka, Raihana, ki bar lif ɗin nan ya huta. In ƙafarki na ƙaiƙayi, ga ni tsaye kusa da ke.